Yoyon Bakin Rufi

Mu dai a layinmu ba a tuna rufi sai hadari ya taso daga gabas. Duk tsawon rani kwano na can yana shan rana da ƙura, babu mai ɗaga kai. Sai an shiga Agusta, watan da ya fi kowanne ruwa a Kano, sannan hirar dakali ta koma ta yoyo. Wannan ya ce da bahon wanki suka kwana a ɗaki, wancan ya ce uwargida ta naɗe katifa tun ƙarfe biyun dare. Kuma kusan kowa wuri ɗaya yake nunawa, can inda bango ya haɗu da silin, daidai bakin rufi.

Abin da muka saba yi sananne ne. A aiki yaro ya sayo kwalta, a ari tsani, a hau a lafta ta daidai saman inda tabon yake. Ruwa na sake sauka, yoyo na dawowa, sai ka ji an ce, "Ai kwanon yanzu ba shi da ƙwari." Akwai siririn kwano a kasuwa, ba musu. Amma sau da yawa ba laifinsa ba ne, mu ne muka toshe inda ba nan ruwan ke shiga ba.

Ruwa ba ya ɗiga a inda ya shigo. Yakan sami kafa can sama, a gindin ƙusar da ta saki ko a mahaɗar kwano biyu, ya manne a cikin kwanon ko ya bi jikin katako yana gangarowa, har sai ya ci karo da bango, a nan ne zai sauka. Shi ya sa kullum bakin rufi ake zargi, don nan ne ƙarshen gangare. Kafintan kirki idan ka nuna masa tabo ba ya gaggawar hawa. Tambaya yake farawa da ita: "Alhaji, duk ruwan da aka yi yake zuba, ko sai mai iska?" Idan kowane yayyafi yana ɗiga, to huda ce ko ƙusa. Idan kuwa sai an yi mai iska, to iskar ce ke tura ruwan baya ta ƙarƙashin mahaɗa, musamman a rufin da bai da gangare sosai, ko inda aka yi tsimin kwano aka ɗora wani kan wani da ɗan yatsa biyu, alhali ana son ya hau aƙalla santimita 15. Idan sai ruwa ya daɗe yana zuba sannan bango ya jiƙe, to a duba magudana, ta toshe.

Daga nan sai ya ɗaga silin ɗaya ya leƙa da tocila. Katakon da ruwa ya saba bi ba ya ɓuya, za ka gan shi da baƙin layi, ƙusoshinsa sun yi tsatsa, wani lokaci har ya fara ruɓewa. Layin nan ake bi sama har inda ya tsaya. In an rasa, sai a jira rana ta buɗe, mutum ɗaya a sama da bokiti, ɗaya a ciki yana kallo. A fara zuba ruwan daga ƙasa, a dakata, a matsa sama kaɗan, a sake zubawa. Wanda ya fara daga tsororuwa ya jiƙa ko'ina, ba zai gane komai ba. Kuma ƙusa a kan tudun kwano ake kafa ta, ba a cikin kwarin da ruwa ke gudu ba. Duk inda ka ga ƙusa a kwari, ka sami wurin fara bincike.

Masu gidan ƙasa a cikin birni sun riga mu sanin kula da rufi. Rufin soro a shimfiɗe yake bisa azara, rawani ya kewaye shi, ruwa ba shi da mafita sai indararo. Saboda haka kafin ruwan fari ake hawa a share, a cire ciyawa da ganye, a cike tsaga, a gyara gindin indararo, don nan ne ƙasa ke fara zaizayewa. Magina na yi wa rufi laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, bango kuma a shafe shi da makuba ta ɓawon ɗorawa. Bangon gabas suka fi ba kulawa, don shi ruwa ke duka. Duba rufi aiki ne na kowace shekara, ba a jiran sai ya zuba.

Abin da ke damuna shi ne ginin yanzu da ake ɓoye kwano a bayan bango. Mun ɗauko siffar soro, mun bar kulawarsa. Duk ruwan rufin yana taruwa a magudanar siminti ɗaya, kuma ba ƙaramin ruwa ba ne: rufi mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 30, lita 3,000 ke sauka a kansa, wato duro 15. Leda ɗaya ko sheƙar tattabara ta toshe bututun magudanar, sai ruwan ya cika ya koma ta ƙarƙashin bakin kwano. Mai gida na ta canza kwano, alhali tsintsiya kawai ake bukata.

Akwai kuma yoyon da ba naka ba. Gidajenmu a manne suke, indararon wani na iya feshi a bangon wani har damshi ya ratsa ɗaki. A nan ba kafinta ake fara kira ba. Sallama ake yi a ce, "Malam, don Allah zo ka ga wani abu," a ƙara wa indararon tsawo ko a juya bakinsa, tun magana ba ta kai gaban mai unguwa ba.

Roƙona ɗaya, mu daina tura yara sama ana cikin ruwa. Jiƙaƙƙen kwano santsi gare shi, ga wayar wuta da ke shigowa gida ta daidai bakin rufin. A sa alama da gawayi a inda ya ɗiga, a bari kwano ya bushe, babba ya hau, ya riƙa taka layin ƙusoshi inda katako yake a ƙasa.