Neman Gwal a Gonar Tumatir

Tun shekarar 2014 da labarin gwal ɗin Jado ya ɓulla a arewacin Nijar, samari suka riƙa bin hanyar Agadas da na'ura a kafaɗa, raina ya biya. Sai dai ni mutum ne da ko Zariya zan je sai na yi sallama da dangi, balle sahara. Ana nan sai na ga Turawa a YouTube suna yawo a bakin teku da wata sanda mai faifai a ƙasa, suna tono zoben gwal kamar masu kalar gyaɗa. Na ce ashe arziki na bakin ƙofa. Ranar da na kwashi adashe na aika aka sayo mini irinta, mafi araha, wadda ake cewa ta 'yan koyo.

Kano ba teku, wannan na sani. Amma muna da madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwanta na bin kanal yana ratsa Bunkure da Kura da Garun Malam. Lissafina shi ne, shekara hamsin jama'a na wanka da wanki a bakin ruwan nan, ai ba za a rasa zoben da ya suɓuce ba.

Abin da mai sayarwa bai faɗa ba, na'urar ba ta san gwal ba, ƙarfe ta sani. Faifan yana aika maganaɗisu cikin ƙasa, duk ƙarfen da ya amsa sai ta yi tsuwa, kuma kukan da take wa zoben gwal shi take wa murfin lemon gwangwani da takardar dunƙulen magi. Idan ƙasa ta jiƙe ko tana da marmara, sai ta yi ta surutu ba gaira ba dalili. To ƙasar noman rani kuwa yaushe ta bushe? Na tara ƙusoshi, guntun lauje, gwangwanin maganin feshi, da wani kwabo mai huji na kafin zuwan naira a 1973. Shi ne kaɗai abin da ya yi kama da kuɗi, shi ma ya daina ci tun ba a haife ni ba.

Yara kuwa suka mai da ni majigi. Kafin azahar labari ya zaga cewa ma'aikacin awo ya zo, gwamnati za ta karɓe gonaki. Wani ya ce a'a, ruwa nake nema a ƙarƙashin ƙasa. A Kura! Wata tsohuwa ta leƙo ta ga abin kunne a kaina ina tafe ina sunkuye, ta ce Allah ya ba iyayena haƙuri.

Wata safiya a hanyar Bunkure na'urar ta ƙwalla wani kuka da ban taɓa ji ba, daidai kan gaɓar wani fangali. Na duba gabas da yamma, na sa fartanya. Ko taƙi ɗaya ban kai ba sai ga shi: zobe, rawaya, mai nauyi. Na goge shi da bakin riga, hannuna na rawa, har na fara tunanin ko Umara zan fara ko rufin ɗaki. Ina cikin wannan lissafi ruwan da aka tare ya sami ƙofar da na buɗe masa, ya kwarara cikin tumatirin da aka riga aka shayar.

"Ɗan nan, lafiya?" Wani dattijo ne tsaye a kaina, wando a naɗe.

"Lafiya lau, Baba. Bincike nake."

"To, binciken naka ya shiga gonata."

Da hannuna na toshe gaɓar, taɓo har gwiwa, yara na ba ni shawara. Sannan muka zauna sulhu, Baba ya yanka mini kuɗin ɓarna a kan farashin kwando na kasuwar Kwanar Gafan, kuma ya zaɓi farashin lokacin tsada. Na biya ban ja ba, ina dariya a zuci, don na san abin da ke aljihuna.

Washegari na yi wanka na shiga birni wurin masu gwal. Mai shagon ya goga zoben a dutse, ya ɗiga masa ruwan gwaji, wurin ya yi kore shar.

"Malam, ina ka samo wannan?"

"Gado ne, Alhaji."

"Allah ya jiƙan injin ban-ruwan da ya bar maka. Tagulla ce, ta bakin tiyo."

Uwargida ce ta yi mini karatun da ya kamata a yi mini kafin adashe. Ta ce su Turawa, mace da namiji kowa da zoben aure a hannu dare da rana, da shi suke shiga ruwan sanyi, yatsa ya tsuke, zobe ya zame. Mu nan namiji ba ya sa gwal, addini ya hana, azurfa ce tasa. Gwal ɗin mace kuwa yana ƙasan akwati, sai biki yake fitowa, sai kuma ranar da larura ta sa a sayar.

"Maigida, wace mace ka taɓa gani ta je dashen shinkafa da gwal? Kuma in ɗan kunne ya faɗi a gidan nan, kai ma ka san da rariya za mu tankaɗe tsakar gida kafin magariba."

Tarkacen da na tara ɗan gwangwan ya auna ya ba ni abin da bai kai kuɗin batir ba. Yanzu dai na'urar ta sami aiki: manomi in makullin babur ko notin inji ya faɗa masa cikin taɓo, ni ake aikowa, ladan kuma tumatir ne, wani lokacin da albasa. Duk da haka ta sayarwa ce. Mai so ya zo da kuɗinsa, zan haɗa masa da fartanyar da zoben kyauta.