Ranar da Ƙarfe Ya Ƙirga Mini Shekaru

A birnin Tokyo aka tona asirin da madubin gidana ya daɗe yana rufa mini. A ƙofar wani shago na tarar da mutum-mutumi yana marabtar baƙi, fari tas, tsayinsa bai wuce na ɗan firamare ba, da allo a ƙirji.

Na tsaya ina kallon ikon Allah. Yaro ya zo, mutum-mutumin ya siranta murya yana masa wasa. Budurwa ta zo, ya zuba mata bayani ratata. Da layi ya iso kaina, sai ya ƙura mini kyamara, ya rage gudun magana, ya ɗaga murya, haruffan allon suka kumbura kamar ƙosai a mai. Sannan ya nuna mini kujera.

Ni? Ni da na rine furfurata kafin in hau jirgi!

Abokin tafiyata ya ce ba raini ba ne. A Japan, fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na jama'a sun kai shekara 65, shi ya sa injiniyoyi ke koya wa irin waɗannan na'urori kintatar mutum daga fuska da murya da jinkirin amsa, su yi wa kowa kiɗan da zai iya takawa. Har ya ba ni misalin Paro, wanda Takanori Shibata ya ƙera da siffar jaririn wata dabbar teku don rarrashin tsofaffi masu ciwon mantuwa.

Misalin nan ya ƙara tunzura ni. Na ce ai binciken Joy Buolamwini na 2018 ya nuna manhajojin karanta fuska sun fi tafka kuskure a kan baƙar fata, saboda haka ƙarfen ne bai iya gani ba. Na sa abokina ya mayar da allon yadda budurwar nan ta gan shi.

Haruffa suka koma tsabar gero. Na laluba aljihu, ashe tabarau yana masauki. Na sunkuya in matso, gwiwa ta ce ƙas! Sumui-sumui na lallaɓa zuwa kujerar da na raina.

Da dare na kai wa uwargida ƙara ta waya. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Malam, shekara biyar ina gaya maka. Sai da ka biya kuɗin jirgi ƙarfe ya faɗa?"