Jinjina Ga Mai Buɗewa Ba Ya Rufewa

 An yabi attajirai a Kanon nan, an yabi 'yan siyasa, har 'yan ƙwallo sun samu rabonsu, amma kai, Injiniya, da aikinka ya shiga aljihun kowane ɗan kasuwa daga Jakara zuwa Ƙofar Wambai, ko maroƙi ɗaya bai taɓa ɗaga murya ya ambace ka ba. Wannan zalunci ne. Kai ka rubuta manhajar da yaron POS na bakin Kurmi yake dannawa. Kai ka koya mata buɗe layi zuwa sabar, wato kwamfutar da ke amsa mata ta intanet, duk sa'ad da za a tura kuɗi. Kuma kai ne, saboda karamci irin na 'yan gidan girma, ba ka koya mata rufewa a kowane hali ba.

Bari mu faɗa wa jama'a girman abin, don kada su zaci ƙaramin aiki ne. Idan manhaja za ta yi magana da wata kwamfuta ta intanet, sai ta roƙi na'urar ta ba ta soket, wato bakin layin da magana ke bi ta fita ta dawo. Masana na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley ne suka fito da wannan tsari a 1983, kuma abin da suka shimfiɗa bai wuce uku ba: ka buɗe, ka yi maganarka, ka rufe. Shekara arba'in da ɗoriya duniya na bin wannan tsari a makance. Sai da ka zo aka gane na ukun ɓata lokaci ne.

Buɗe sabon layi yana da wahala. Kwamfutocin biyu sai sun yi gaisuwa hawa uku, sannan su yi musayar makullan sirri, kafin kalma ɗaya ta wuce. Shi ya sa masu rubuta laburaren da kake ɗauka kyauta suka tanadi rumbun layuka: 'yan kaɗan ne a buɗe, wanda ke da buƙata ya ara, ya gama ya mayar, na baya ya samu. Sharaɗin mayarwa ɗaya ne, ka karance amsar da sabar ta aiko har ƙarshenta, ko ka rufe ta. Laburaren Apache HttpClient zubi na 4, idan ba a taɓa saitinsa ba, layi 2 yake bayarwa zuwa kowace sabar, 20 kuma gaba ɗaya. Ka ari na farko ka riƙe. Ka ari na biyu ka riƙe. Buƙata ta uku ta zo ta tarar da rumbu wayam, sai ta tsaya jira. Da yake kuma ba ka sa mata wa'adi ba, don ba ka son takura wa kowa, tana nan tsaye har illa ma sha Allahu.

Ita ce wannan 'yar da'irar da ke juyawa a fuskar na'ura. Ga dattijo ya taso daga Gezawa sayen kanwa da kayan ƙamshi, an ɗaure masa kaya, kuɗi sun fita daga asusunsa, alat bai shigo wa mai shago ba. Shi ba zai tafi ya bar kuɗinsa ba, mai shago ba zai saki kaya ba. Dubi alherin da ka haddasa: mutum biyu da ba su san juna ba sun zauna benci ɗaya tun azahar, sun tambayi lafiyar iyali, sun yi la'asar a sahu ɗaya. Wane kwamitin zumunci ne ya taɓa yin irin wannan?

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ka ɓoye hannunka. Ba a kowace buƙata kake yin wannan kyauta ba. Da haka ne da an kama ka tun ranar farko. Idan komai ya tafi daidai, manhajarka tana karantawa ta rufe kamar ta kowa. Sai sabar ta dawo da amsar kuskure, sannan manhajar ta fice da sauri ta bar layin a buɗe. A ofis, cikin sanyin na'ura, ka gwada, komai lafiya lau, oga ya sa hannu. Yoyon layukan kuwa ɗigo-ɗigo yake. Linux a bisa al'ada abu 1,024 yake yarda kowace manhaja ta riƙe a buɗe lokaci guda, kuma kowane soket a cikin lissafin yake. Sai a yi kwanaki ana tarawa. Ɗaya ɓangaren ya daɗe da yin sallama ya tafi, naka ɓangaren yana nan a halin da masana ke kira jiran rufewa, ɗaruruwa a jere. Ranar da lissafi ya cika ba ta taɓa zama ranar banza. Jajibirin sallah ne, ko ƙarshen wata da albashi ya shiga, don cunkoso shi ke yawaita amsar kuskure, amsar kuskure kuma ita ke ciyar da yoyonka. Wanda ya ga Fabrairun 2023, lokacin da canjin kuɗi na Babban Banki ya janye takardun naira daga hannun mutane har mai ƙosai ta koma karɓar tiransifa, ya san yadda kasuwa take zama idan kowa ya dogara da waya a rana ɗaya. Irin wannan rana ce baiwarka ke fitowa fili.

Sannan Allah ya hore maka bawa mai ɗaukar laifi, sunansa netwok. "Alhaji ka ƙara haƙuri, netwok ne." Ana zagin sa safe da yamma, ana ɗaga waya sama ana neman sa, ana canza layi. Alhali sandunan sabis a cike suke, sabar kuma lafiyarta ƙalau, tana zaune tana mamakin me ya hana ka kira. Laifi tudu ne, in ji Hausawa. Kai naka ma ba ka taka ba, ka shimfiɗa masa tabarma ka zauna a kai.

Mu mutanen Jakara ba baƙi ba ne ga wannan hikima, shi ya sa muka fi kowa sanin darajarka. Ga rafinmu nan. Ya ratsa tsohon birni ta gefen kasuwar Kurmi da ake danganta kafuwarta ga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya fita ya haɗu da Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, ya je ya zube a dam ɗin Wasai ta ƙasar Minjibir. Ba wanda ya taɓa toshe shi da gangan. Ledar fiya wata ɗaya ce mutum ya saki, kwandon shara ɗaya ne yaro ya juye da asuba, kuma kowa gaskiyarsa ce idan ya ce nasa bai isa ya cika kwata ba. Rani ya wuce lafiya. Ruwan Agusta ya sauko, ya nemi hanya ya rasa, ya shiga ɗakin wanda bai zubar da komai ba, a ce ruwan bana ya yi yawa. In an matsa mana da tambaya, muna da hujja mai tsufa: littafin tarihin Kano ya ambaci wurin da Kurmin Baƙin Ruwa tun zamanin Barbushe, to baƙin ba mu muka kawo shi ba. A zango na biyu na Gwamna Kwankwaso, tsakanin 2011 da 2015, aka fara rufe rafin da kankare ana shimfiɗa titi a kansa. Titi abin so ne, ba mai musu. Sai dai ledar da ke shiga ta ƙarƙashi ba ta san an yi titi ba, ido ne kawai ya huta da ganin ta.

Kai ma da kwatarka ta cika, ba ka yi ƙasƙancin komawa ka nemi inda ka bar layi a buɗe ba. Ka ɗaga iyaka. Rumbu mai 20 ka mai da shi 200. Lissafin 1,024 ka ninka shi sau sittin da wani abu. Abin da ke faɗuwa duk kwana uku ya koma faɗuwa duk wata, aka rubuta a rahoto cewa an shawo kan matsalar. Har kana da abin kafa hujja: Node.js da yana tsayawa a layi 5 zuwa kowace sabar, a 2015 aka cire iyakar ɗungurum. Su sun cire ne don ta yi wa masu aikin kirki ƙunci. Kai ka karɓe ta a matsayin lasisi. Abin takaici, lambobin tashar da layi ke fita ta cikinsu 65,535 ne kacal a kowane adireshi, waɗanda Linux ke warewa don fita kuma ba su kai dubu talatin ba. Wannan rowa ce ta waɗanda suka tsara intanet, ba laifinka ba ne da ba su hango mai kyauta irinka zai zo ba.

Akwai mahassada, dole. Laburaren OkHttp, marar kunya, idan ya tsinci layin da aka yar sai ya rubuta gargaɗi yana tambayar ko ka manta ba ka rufe amsa ba. Manta! Kamar kai yaro ne. Takardun harshen Go sun ce wajibi ne wanda ya kira ya rufe. Python da Java sun tanadi ginin jimla da ke rufewa da kansa ko da kuskure ya auku, layi ɗaya tak na rubutu. Wata yarinya sabuwar ɗauka ma za ta iya zuwa ta ce, "Yallaɓai, me zai hana mu ƙirga soket ɗin da ke buɗe kowace awa, mu ga ko lissafin hawa yake ba ya sauka? Mu sa wa kowace buƙata wa'adi, mu gwada abin da ke faruwa idan sabar ta ƙi amsawa?" Kada ka kula ta. Idan aka rufe yoyon, wa za a riƙa kira ƙarfe biyun dare ya ceto kamfani? Wa za a tafa wa da safe a ce ba don shi ba da an shiga uku? Mai rufe layinsa ba wanda ya san sunansa, manhajarsa aiki kawai take yi.

Ka ci gaba da maganinka na gado, wanda yaron POS ma ya koya daga gare ka: kashe ka kunna. Ka sa manhajar ta riƙa kashe kanta duk sha biyun dare tana tashi, ka kira shi gyaran inganta aiki. Waɗanda kuɗinsu ya maƙale a tsakani su je reshe su cika fom, su jira kwanakin aiki, ban da Asabar da Lahadi. Saƙon ban haƙuri ga abokan hulɗa kuwa yana nan a rubuce tun bara, kwanan wata kawai za a canza.