Agogo Sarkin Aiki, Wa Ya Aike Ka?

Kai Bakano, bawana, matso kusa. An ce tun ranar da yaran shagonka suka laƙaba maka "agogo sarkin aiki" bakinka ya ƙi rufuwa, har ka biya mai fenti ya rubuta shi a bayan motar kayanka. To zauna in warware maka, in har ka iya zama. Na san ku Kanawa maganar da ba riba a cikinta ba kwa tsaya mata, mu kuwa a Zazzau karatu muka gada.

Kirarin yabo ne, ban hana ka ba. Mutumin da ba ya gajiya ake yi wa shi, shi ya sa da zaɓe ya ƙarato sai ka gan shi a fastocin 'yan siyasa, maroƙa ma na cin tuwo da shi. Amma in ka ji an faɗe shi ana ƙunshe dariya, an juya shi ke nan: wanda ya zaƙe ake nufi, wanda ko babu aiki sai ya tono. Dubi agogon kansa mana. Dare yana tafiya, rana yana tafiya, ba Juma'a ba Sallah, gobe ka dawo ka tarar da shi a ƙusar da ka bar shi jiya. Lokacin da yake ta ƙirgawar ma na wasu ne.

Da asuba kana Dawanau kana taya riɗi. Hantsi ya yi kana Kantin Kwari kana auna shadda. Kafin la'asar an hango ka a Singa ka ƙwace kwali daga kan ɗan dako ka ɗora a naka, wai yana da nawa, alhali ka riga ka biya shi ladansa! Ranar ɗaurin auren ƙanenka kowa ya ɗaga hannu ana addu'a, ni na ga yatsunka suna motsi. Na ce Allah sarki, bawan nan ya fara tasbihi. Ashe lissafin dila kake. Uwargida kuwa, Allah ya ba ta ladan haƙuri, ta ce autanku in ya gan ka da rana a gida kuka yake fashewa da shi, ya ɗauka baƙo ne.

Kar ka kumbura, Na-Kwari. Na sani ba don irinku ba da ba mu sa sabuwar shadda da Sallah ba, kuma bashi, kuma ba ka taɓa aiko yaro ba. Wannan kam an yaba maka, ko da yake mai yiwuwa lokacin tunawa ne ba ka samu ba.

Watan Cika-ciki na tafe, ka tanadi kuɗin sharata. Tunda zama ciwo ne a wurinka, kai za ka kawo su Zariya da kanka. Ka tambayi Ƙofar Doka, za ka same ni a inuwa a kan tabarma, ina yi maka hutun da ka ƙi yi.