Wayayye Ne Ni, Kafin A Buɗe Kula

Ina cikin mutanen nan da ke son a kira su wayayyu. Ina da tabarau, ina da kabad cike da littattafai, kuma ba na jefar da ledar ruwa a titi matuƙar akwai mai kallo. A majalisarmu ta bayan sallar isha'i, idan hira ta zo kan lalacewar jama'a, ni ake juyowa a kalla, ni kuwa sai in gyara zama in jawo littafin Lord of the Flies na William Golding, wanda ya fito a 1954.

Na ba da labarin har abokaina sun haddace. Jirgin sama ya faɗi da 'yan makarantar Ingila a wani tsibiri, babu babba ko ɗaya. Da farko suka zaɓi Ralph shugaba, suka kafa doka cewa wanda ke riƙe da wata ƙatuwar katantanwar teku shi kaɗai zai yi magana, suka kunna wuta da tabaran Piggy don jiragen ruwa su hango hayaƙi. Sannu a hankali Jack ya janye yaran zuwa farautar alade, suka shafe fuskokinsu da launi, suka kashe Simon, suka kashe Piggy, suka cinna wa tsibirin wuta suna farautar Ralph. A nan nake ɗaga yatsa in ce, "Kun ji ko? Ɗan Adam dabba ne da aka sa wa riga." A zuciyata kuwa ni ne Ralph, sauran jama'ar gari duk Jack ne.

To, sai aka gayyace ni walimar auren ɗan wani aboki. Muna zaune ana ta jawabi, ni har da gyaɗa kai. Da aka buɗe kulolin abinci, ƙamshin naman rago ya taso, na ga layi ya yi tsawo, na ga kuma mai rabo tana ƙara leƙa cikin kula. Ban san lokacin da na tattare babbar rigata ba. Na dai tsinci kaina a gaba, faranti biyu a hannu, gwiwar hannuna a haƙarƙarin wani bawan Allah. Dattijuwar da ke rabon ta dube ni ta ce, "Alhaji, yara ma ba su samu ba tukuna." Na ce ɗaya na wani ne. Babu wani. Nawa ne duka biyun.

Lokacin wahalar man fetur kuma, na bi ta hannun da ba nawa ba, na cusa hancin motata gaban wata baiwar Allah da ta fi ni daɗewa a layi. Ta yi magana, na ɗaga gilashi, na ƙura wa sitiyari ido. Da na iso bakin famfo, yaron da ke zuba mai ya rusuna ya gaishe ni. Tsohon ɗalibina ne. Ya ce, "Malam, ai ban manta da labarin yaran tsibirin nan da ka ba mu ba." Har yau ban gane ko gaisuwa ce ko baƙar magana ba. Na biya, na bar masa canji.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne tafiyar da na yi Ingila. A filin jirginsu na tsaya bayan layin da aka shata a ƙasa, ban ƙetare ba. Wani ya taka ni, ni na ba shi haƙuri. Jirgin da ya dawo da mu gida kuwa, tayarsa na taɓa ƙasa na miƙe, ma'aikaciya na roƙon a zauna, ni ina fizgo jaka ta saman kan wata tsohuwa. Mutum ɗaya, riga ɗaya, tsakani 'yan sa'o'i.

Duk da haka ina da mafaka. Idan uwargida ta yi mini tsiya, sai in ce ai halin ɗan Adam ne, Golding ma ya faɗa, kuma mutumin da aka ba kyautar Nobel a 1983 ba zai yi shirme ba. Sai na ci karo da littafin Humankind na Rutger Bregman, masanin tarihi ɗan Holan, ya rushe mini mafakar. A 1965 wasu yara shida 'yan makarantar kwana a Nuku'alofa, babban birnin Tonga, suka ɗauke kwalekwalen wani masunci suka gudu. Guguwa ta lalata shi, suka yi kwana 8 ruwa na yawo da su, suka faɗa tsibirin 'Ata inda babu kowa. Wata 15 suka yi a can. Suka raba aiki biyu-biyu, suka yi lambu, suka riƙa addu'a safe da yamma, wutar da suka kunna ba su bari ta mutu ba. Idan biyu suka yi faɗa, sai a raba su kowa ya tafi gefe har ya huce. Ɗaya ya karye a ƙafa, suka ɗaure masa har ya warke. A 1966 wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Ostireliya, Peter Warner, ya tsince su duka da rai.

Yara shida a kan dutse sun fi ni tarbiyya a gaban kula.

Shi ma Golding ɗan muhallinsa ne. Ya yi aikin sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu, ya kuma daɗe yana koyar da yara maza a Salisbury. Littafinsa martani ne ga The Coral Island na Ballantyne, inda yaran Ingila ne wayayyu, mutanen tsibiri kuma su ne dabbobi. Mutumin da ya ga abin da wayayyun Turai suka yi wa juna da bamabamai ba zai yarda da wannan ba. Shi ya sa jami'in da ya ceci yaran Golding a ƙarshen labari daga jirgin yaƙi ya sauko.

Mu Hausawa mun ce hali zanen dutse, mun kuma ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Da na duba kaina, na ga na biyun ya fi kama ni. A Ingila na natsu domin na tabbata layi zai iso kaina. A walima na zabura domin ina zargin nama zai ƙare, kuma ina zargin na bayana zai riga ni. Shi ma na bayan nawa abin da yake zargi ke nan, kuma da ya ga mai tabarau da babbar riga ya kutsa, ya samu hujja. Ashe muhallin da nake ɗora wa laifi, ina cikin masu gina shi.

Uwargida dai ta samo nata maganin ba tare da ta karanta Golding ko Bregman ba. Ba ta barina in fita walima sai na ci tuwo na ƙoshi. Yanzu haka jama'a na ta yaba natsuwata.