Ɗa Na Kowa Ne, In Ji Mu

A Dutsin-Ma, majalisar da ta fi ta Abuja ƙarfi ita ce teburin mai shayi. Bayan isha'i ake zama, ba a tashi sai gawayi ya mutu. Nan muke tsige gwamna mu naɗa wani, mu sasanta Amurka da Rasha, sannan kowa ya tafi gida da bashin kofi biyu.

Ran nan wani direba mai jigila tsakanin nan da Kurfi ya iso yana ɗaga waya.

"Jama'a, duniya ta zo ƙarshe! Wai a Ingila namiji da namiji sai su je kotu a ba su yaro su riƙe."

Aka ɗauki salati. Sai ga wani ɗalibin jami'ar tarayya, wadda tun da aka kafa ta a 2011 kuɗin haya ya tashi, gardama ma ta tashi. Ya ce, "Baba, ai labarin ya tsufa, tun 2002 suka yi dokar. Mu kuwa a Janairun 2014 Shugaba Jonathan ya sa hannu a kan doka, shekara 14 ce a gidan yari ga mai ƙulla auren jinsi ɗaya."

"To mi zai hana su shigo mana da shi ta bayan gida? Ka manta labarin yarjejeniyar Samoa, da aka ce ta nan za a shigo da shi?"

"Baba, jaridar da ta buga labarin nan a Yulin 2024 ai daga baya ta nemi afuwa."

"Rufe mana baki! Boko ya lalata ka."

Haka muke. 'Yancin faɗin albarkacin baki da sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya tanada, muna ƙaunarsa ƙwarai, muddin bakin namu ne. Da yaro ya buɗe nasa, sunan abin ya koma rashin kunya.

Akwai wani tsohon malamin makaranta da ke zama a ƙarshen benci, ba ya magana sai shayinsa ya huce. Ya ajiye kofi ya ce, "Alhaji, ka bar yaron nan. Mu dai tun asali ba mu ɗaukar ɗa mu sauya masa uba. Ko Zaidu ɗan Harisa, da ya tashi a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Suratul Ahzab ta mayar masa da sunan mahaifinsa. Abin da muka gada shi ne riƙo."

Ya shiga ƙirga mana da yatsu. Ɗan fari, da uwa ke jin kunyar ko kiran sunansa, gidan kaka yake tafiya yaye, sau da yawa ba ya dawowa. Goggon da Allah bai ba haihuwa ba, ba a barin ɗakinta shiru, sai a ɗauki ɗiya a kai mata. In mutum ya rasu, kafin sadakar arba'in 'yan'uwa sun raba marayu a tsakaninsu. Ɗan riƙo ba ya cin gado, amma an bar ƙofar kyauta a buɗe, ga kuma wasiyya har sulusin dukiya.

"Ni kaina goggona ta riƙe ni a Kurfi," in ji shi. "Ita ta kai ni makarantar allo, ita ta sayar da tunkiyarta ta yi mani kayan makaranta. In na yi ɓarna a layi, maƙwabci ya ja kunnena, in na kai ƙara gida a ƙara mani."

Kowa ya gyaɗa kai, ana ta "Allah sarki, jiya ba yau ba."

"To wa ya kashe jiyan? Turawa?" Malam ya tambaya. "Yau ka tsawata wa ɗan maƙwabci, uban ya kai ka ofishin 'yan sanda. Ka karɓi ɗiyar ƙanenka, naka su tafi makarantar kuɗi, ita ka ɗora mata farantin talla. Ga marayun da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Safana da Batsari, cike da gari. Gida nawa ya buɗe ƙofa?"

Direba ya sosa ƙeya. "Malam, ka san kuɗin tiyar gero kuwa?"

"Na sani. Goggona ma ba a kan rumbu cike ta riƙe ni ba. Laifi tudu ne, Alhaji. Ingila ka hango, ba ka ga wanda ke gabanka ba."

Ya nuna yaron da ke tsugune yana wanke mana kofuna. Shekara guda ke nan muna kiransa "kai yaro."

"Wa ya san sunan ubansa a cikinku?"

Majalisa ta yi tsit. Ko ɗan jami'a, da ya san dokar Ingila da shekararta, bai sani ba.

Can direba ya yi gyaran murya, ya ce, "Mai shayi, haɗa wa yaron nan mai kauri, da burodi da ƙwai biyu."

Mai shayi ya jawo littafinsa, ya lashi yatsa. "Alhaji, in rubuta a ƙarƙashin na jiya?"