Ni da Akwatin Masai a Salzburg

Mutumin da ya ba mu hayar motar a Kolon ya ce daɗinta shi ne duk inda ka je gidanka yana tare da kai. Bai yi ƙarya ba. Ga gado, ga murhun gas, ga firji, ga wurin wanka, duk a cikin mota mai tsawon kusan mita 7. Abin da bai tsaya bayani a kai ba shi ne gida ba ya tafiya ya bar masai a baya, kuma a irin wannan gida babu mai yasar masai sai maigida.

Uwargida ce ta ce mu zaga birane a watan Disamba, tunda haya ta fi araha a hunturu. Mun ga Nuremberg da kasuwar Kirsimetinta, mun ratsa Munich. Mu ne muka gani, motar ba ta ga komai ba, don tsayinta ya kusa mita 3, garejin cikin gari kuwa yawanci mita 2 ne. Kullum a bayan gari muke ajiye gidan namu mu shiga bas, kafin mu gama neman tasha ƙarfe 4 ta gota, rana ta faɗi. Muka biya kuɗin hawa babban titin Ostiriya, muka isa Salzburg da daddare, da niyyar da safe mu je lungun Getreidegasse mu ga gidan da aka haifi Mozart a 1756, mu hau tudu mu ga fadar Hohensalzburg da aka fara ginawa a 1077.

A daren nan gas ya ƙare. Tukunya mai kilo 11 da za ta yi maka makonni a lokacin zafi, a hunturu kwana biyu zuwa uku na'urar ɗumama ɗaki ke lashe ta. Ashe kuma a jikin tukunyar dafa ruwan wanka akwai wani ɗan makulli mai wayo, wanda da zarar sanyi ya sauko kusan digiri 3 sai ya buɗe kansa ya zubar da ruwan ƙasa, don kada ya daskare ya fasa tukunyar. Idan an bar famfon tura ruwa a kunne, sai ya bi da na babban tanki ma. Wa ya bar shi a kunne? Ana kan bincike. Muna duƙunƙune cikin bargo, ruwanmu kaf ya bi gangara har bakin ramin zubar da ƙazanta na wurin da muka ajiye motar, ya kwanta a can ya daskare, dusar ƙanƙara ta zo ta lulluɓe shi.

Da gari ya waye, jar fitilar masai ta kama. Masan motar akwatin roba ne da bai kai lita 20 ba, ana zaro shi ta wata ƙaramar ƙofa a waje. Yana da tayoyi da hannun ja, in ka gan ni da shi ka ce filin jirgin sama zan je. Ana zuba masa wani shuɗin magani don kashe wari. Na ɗora jaket a kan jallabiya, na zura safa da silifas, tunda ramin bai fi taku goma ba.

Na isa lafiya, wannan a rubuta. Na juya bututun, na kwance murfin, na ɗaga akwatin da hannu biyu. Akwai maɓallin iska da ake dannawa da babban yatsa don abin ya fita sumul ba tare da fantsama ba. Na danna. Ya fara fita sumul kuwa. A daidai nan ƙafar dama ta tafi gabas.

Na sha maimaita wannan daƙiƙa a raina, kuma kullum a wuri ɗaya nake tsayawa: ina da zaɓi. Da na saki akwatin, da hannuna ya dafa ƙasa. Amma na tuna kuɗin ajiyar da muka bari a wurin masu ba da haya, sai na rungume shi. Ƙafar hagu ta bi 'yar'uwarta. Silifas ɗaya ya tashi sama, na gan shi da idona yana juyi. Na faɗi rigingine, tim, akwatin a ƙirjina, bakin bututun na kallon haɓata, kuma babban yatsana, Allah ya shirye shi, har yanzu yana kan maɓallin yana aikinsa. Babu ko fantsama ɗaya. Sumul ya riƙa sauka ta wuyan jaket. Abin da ya fi ba ni haushi, a karon farko tun tsakar dare na ji ɗumi.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ina kwance ina kallon sararin Salzburg sai ga fuska ta leƙo. Dattijon motar kusa da mu ne, Bajamushe, da rigar barci mai kauri da kofin gahawa yana tururi. Bai miƙo hannu ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya kurɓi gahawa, ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Samari," in ji shi, "a cikin ramin ake zubawa."

Na ce na gode, Baba.

"Kuma ka lura, nan wurin akwai ƙanƙara."

Na ce na lura.

Ya gyaɗa kai, ya ji daɗin samun ɗalibi mai fahimta. Ya ce shi ya tsufa a wannan harka bai taɓa faɗuwa ba, kuma sirrin abu ɗaya ne, ya ɗaga yatsa don in riƙe da kyau: ba ya taka inda ke da santsi. Sai ya bi sawun ƙanƙarar da ido har ƙarƙashin motarmu, fuskarsa ta washe. Ya yi mini bayanin makullin nan mai wayo daga farko har ƙarshe, da digiri 3 ɗin, da dalilin da ya sa aka ƙera shi, ya ƙare da cewa na'urar ta yi aikinta daidai. Ni kuwa ina ta ƙoƙarin tashi, gwiwa na zamewa, gemuna ya koma shuɗi.

Na rarrafa zuwa famfon wanke akwati, na murɗa. Ko ɗigo. Dattijo ya ce ai a hunturu rufe shi ake yi saboda kada bututu ya fashe, ya kamata mutum ya zo da ruwansa daga mota. Ya waiwaya ya kalli inda ruwan motata yake kwance, ya ce, "To, naka ga shi nan." Na tuna da buta a akwatin kaya na baya. Na ɗauko, na girgiza, ta zama dutse.

Tagar motarmu ta buɗe kaɗan, iya faɗin hanci.

"Maigida, sannu. Ba ka ji ciwo ba?"

Na ce ban ji ba.

"Alhamdu lillahi. To don Allah kada ka shigo."

Na ji ƙarar sakata. Dattijo ya ce matata mai hankali ce. Kafin ya koma ciki ya ba ni shawarar da ya ajiye don ƙarshe, cikin murya ƙasa-ƙasa, ta mai ba da sirri: in ana son yawo da irin wannan mota a Disamba, kudancin Sifen ake zuwa. Matarsa ce ta turo bokitin ruwan zafi, ta ajiye shi nesa da ni, ta ja baya da sauri.

Gidan Mozart dai ba mu je ba. A hoto, ruwan ɗorawa ne.